Darasin kiwo: yadda gubar da uwa ta ɗauka ke raunana garkuwar jikin ɗanta

 Darasinmu na wannan karo a kan dabba mai ciki yake, da abin da ke shiga jikinta a watannin da take ɗauke da ɗa.

Kowa ya san gubar da ke kashewa nan take. Akuya ta sha ruwan da aka wanke famfon feshi, sai dalala da makyarkyata, kafin magariba ta mutu. Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Amma akwai wata irin guba mai aiki a ɓoye. Uwa tana ci tana sha, tana tafiya kiwo kamar kullum, ta haihu a kan lokaci. Sai ɗan ya fito da rauni: yau zawo, gobe tari da majina, an yi masa rigakafi amma bai kama shi sosai ba, kafin yaye ya mutu ko ya tsumbure. Garke kuwa da ƴaƴa yake ƙaruwa. Macen da aka ba akuyar habbanaye, ribarta duka tana ga ƴaƴan da za su rayu kafin ta mayar da uwar. Idan suka mutu, ta yi wahalar banza.

Abin da za mu koya shi ne: kariyar ɗan dabba tun yana ciki ake fara gina ta, kuma watannin ciki ne lokacin da ya fi dacewa a nisanta uwa daga magungunan gona, da hayaƙin leda, da allurar da ba likita ya rubuta ba.

Menene homon?

A jikin kowace dabba akwai wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zuba sinadarai cikin jini. Likitoci suna kiran waɗannan sinadarai homon. Aikinsu kamar na ɗan aike ne: su ɗauki umarni daga wani sashe na jiki su kai wani sashe. Homon ne ke sa saniya ta nemi sa. Wani homon ne ke riƙe ciki kada ya zube. Wani ne ke cika hantsa da nono. Wani kuma yana fitowa daga wata tsoka da ke gaban maƙogwaro, wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo, shi ne ke kula da girma da ɗumin jiki da ginuwar ƙwaƙwalwa.

Abin lura shi ne, homon kaɗan ƙwarai ake buƙata. Adadin da ke yawo a jinin saniya bai kai a gan shi da ido ba, amma shi ke juya jikin gaba ɗaya. Saboda haka duk wani sinadari daga waje da ya yi kama da homon, shi ma ba sai ya yi yawa ba kafin ya yi ɓarna. Wani yana shiga ya ba da umarnin ƙarya. Wani yana tare ƙofa ya hana saƙon gaskiya isa. Wani kuma yana sa hanta ta lalata homon kafin ya gama aikinsa. Irin waɗannan su ake kira sinadarai masu dagula homon. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun haɗa babban rahoto a kansu na shekarar 2012, inda suka nuna cewa lokacin ciki da farkon rayuwa ne suka fi haɗari, ga mutum da dabba.

Dalili a fili yake. Babbar dabba jikinta ya riga ya ginu. Idan homon ya ɗan rikice sannan gubar ta fita, sau da yawa tana komawa daidai. Ɗan tayi kuwa ana cikin gina shi ne. Kuskuren da aka yi a harsashi yana nan cikin ɗaki har abada.

Yadda garkuwar jikin ɗa ke ginuwa

Garkuwar jiki ita ce rundunar da ke yaƙar cuta. Ɗan dabba yana samun ta ta hanya biyu.

Ta farko, tasa ta kansa. Duk wanda ya taɓa kallon mahauci yana feɗe ɗan rago ko maraƙi ya ga wani farin nama mai laushi a gindin wuya zuwa gaban ƙirji, wanda ba a cika ganinsa a tsohuwar dabba ba. Sunansa timus. A nan ne ake horar da sojojin jini su iya bambanta jikin dabba da baƙon ƙwayar cuta. A cikin saniya, wannan nama yana fara bayyana a jikin ɗan tayi tun wajen kwana 40 da ɗaukar ciki, saifa da sauran su biyo baya. Wato tun kafin makiyayi ya tabbatar saniyarsa ta ɗauka, an riga an fara wannan gini. Homon ne ke jagorantar aikin mataki bayan mataki.

Ta biyu, wadda uwa ke ba shi aro. A nan dabbobinmu sun bambanta da mutum. Jaririn mutum yana samun kariya daga jinin uwarsa tun yana ciki. Amma a saniya, tunkiya, akuya da raƙuma, mabiyiya ba ta barin waɗannan sinadaran kariya su ƙetara. Ɗan yana faɗowa ƙasa kusan babu kariya ko kaɗan. Duk abin da uwa ta tanadar masa yana cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. A makonnin ƙarshe na ciki ne jikin uwa ke kwashe sinadaran kariya daga jininta yana tara su a hantsa, kuma wannan aikin ma homon ne ke tafiyar da shi.

Hanjin jaririn dabba yana iya shanye wannan kariya zuwa cikin jini na ɗan lokaci kawai. Awa 6 na farko su ne mafi kyau. Bayan awa 24 ƙofar ta rufe. Ko ya sha dakashi daga baya, abinci ne kawai, ba zai ƙara shiga jini ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce ɗan ya sha abin da ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a ranar farko. Maraƙi mai kilo 20 yana buƙatar lita 2, ɗan akuya mai kilo 2 yana buƙatar mililita 200, a sha kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Hanyoyin da guba ke bi daga uwa zuwa ɗa

Mabiyiya tana tare manyan sinadaran kariya, amma ƙananan sinadarai masu narkewa a mai suna wuce ta. Wannan ita ce hanya ta farko: gubar ta isa ga ɗan tayi lokacin da ake gina masa timus. An gwada a dabbobi da yawa an ga cewa wata guba mai suna diyoksin tana motsar da timus, sojojin da ke fitowa daga cikinsa su yi kaɗan.

Hanya ta biyu, gubar ta taɓa uwar kanta, dakashinta ya zama mai ƙarancin kariya ko da ya cika hantsa.

Hanya ta uku, nono. Wasu daga cikin waɗannan sinadarai ba sa fita da fitsari. Suna son mai, kamar yadda man shanu ke kama warin kalanzir idan an ajiye su kusa. Suna taruwa a kitsen dabba, su zauna watanni ko shekaru. Ranar da jiki ya fara narkar da kitsen, sai su dawo cikin jini, daga nan su shiga maiƙon nono.

Ku duba yadda wannan ya haɗu da shekararmu. Shanu da yawa suna ɗaukar ciki a ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da suka ƙoshi. Cikin saniya wata 9 ne da ƴan kwanaki. Ke nan watannin ƙarshe na ciki suna faɗawa a bazara, daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da daji ya ƙare, saniya tana rayuwa da kitsen jikinta. Duk abin da ta tara a shekara, a wannan lokaci yake sauka ga ɗan da ke ciki da dakashin da ake haɗawa. Tunkiya da akuya, masu cikin wata 5, su ma haka ne idan ƙarshen cikin ya zo da rani. Karsana mai haihuwar fari kuwa, abin da ta tara tun tana ƙarama ɗan farin ne ke ɗaukar mafi yawansa.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Wannan ba zato ba ne. A makarantar likitocin dabbobi ta birnin Oslo a ƙasar Norwe, an ɗauki awaki masu ciki aka riƙa ba su ɗan ƙaramin awo na wani sinadari mai suna PCB, daga kwana 60 na ciki har haihuwa. PCB wani irin mai ne da aka daɗe ana zubawa a tsofaffin turansifoma na lantarki. A sakamakon da aka fitar a 2006, ƴaƴan awakin da aka ba wani nau'i na wannan sinadari sun samu ƙarancin kariya daga iyayensu, har da kariyar da ke yaƙar wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu ga ƙananan dabbobi. 

A jihar Mishigan ta Amurka, a 1973, an yi kuskure a masana'anta aka haɗa wani sinadarin hana gobara mai suna PBB cikin abincin shanu. Nono ya ragu, shanu suka rame, aka riƙa ɓari da haihuwar maruƙa marasa ƙarfi. An ɗauki kusan shekara kafin a gano dalili. Daga ƙarshe sai da aka hallaka shanu wajen 30,000 da kaji wajen miliyan 1.5, mutanen jihar kuwa sun riga sun sha nonon sun ci naman.

A ƙasar Ostareliya, a shekarun 1940, tumaki da yawa sun daina ɗaukar ciki. Da aka bincika, wata ciyawa ce da aka shuka musu take ɗauke da sinadari mai kama da homon na mata. Wannan ya nuna cewa ba daga kwalba kaɗai irin wannan abu ke fitowa ba.

A ɓangaren mutane, a Taiwan a 1979 man girki ya gurɓata da PCB. Yaran da matan da suka ci man suka haifa daga baya sun fi sauran yawan ciwon kunne da na ƙirji. A tsibiran Faro da ke arewacin Turai, inda ake cin kitsen manyan dabbobin teku, an ga cewa yaran da suka fi ɗaukar PCB jikinsu bai amsa rigakafin tetanus da mashaƙo da ƙarfi ba.

Duka waɗannan labarai abu guda suke faɗa: ana iya ganin uwa a tsaye, ɗan ne ke biya.

Inda dabbobinmu ke haɗuwa da su

*Magungunan garka da gona.* Kwarin Dallol Mawri wurin noman rani ne. Farar albasar Sukukutane ta yi suna a duk Nijar, ga dankalin turawa da kabeji da tumatur a garaken Dogon Dutsi. Inda ake garka ana feshi, kuma ragowar ganye da ciyawar bakin fangali dabbobi ake kai wa, sau da yawa masu ciki da masu shayarwa da ke ɗaure a gida. Ruwan ƙasa a kwarin yana kusa, abin da aka zubar a bakin rijiya ba ya daɗewa bai isa gare shi ba. Hukumar da ke tantance magungunan gona a ƙasashen Sahel, wato CSP ta ƙungiyar CILSS, ita ke ba da lasisi. Ta hana endosulfan tun 2007, ta kuma hana maganin ciyawa atrazine da paraquat. Atrazine na cikin sanannun masu dagula homon. Duk da haka, binciken da ƙungiyar RECA ke yi a kasuwannin Nijar yana nuna cewa magunguna da yawa da ake sayarwa ba su da lasisin CSP, suna shigowa ne ta iyakoki. Mu kuwa jihohin Kabi da Sakkwato suna nan kusa da mu. Ko magungunan da aka saba da su ba abin sakaci ba ne: a Kanada a shekarun 1990 an ba tumaki ƙananan awo na wasu magungunan gona, da yawa daga cikinsu suka rage homon na maƙogwaro a jinin tumakin.

*Maganin gona a jikin dabba.* Wasu suna dama maganin ƙwarin wake ko piya-piya su wanke shanu saboda kaska da ƙuma. Ba don fatar dabba aka yi su ba. Fata tana shanyewa, dabba kuma tana lasar jikinta, ɗanta yana lasar hantsa.

*Tsofaffin magunguna.* DDT da diyeldirin da lindan suna daɗewa a ƙasa da kitse shekaru masu yawa. An yi amfani da diyeldirin wajen yaƙin fara a Sahel har zuwa shekarun 1980, kuma a 1991 sai da aka kwashe wani tsohon tarinsa daga Nijar aka kai Turai aka ƙone. Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ce ta hana ko ta taƙaita irin waɗannan, aka ƙara lindan a 2009, endosulfan a 2011. Tsohuwar ganga ko tsohon sito na magani da aka yasar, kada a ɗauke su kamar ba komai.

*Bido da gwangwanin magani.* Ana wanke su a zuba ruwa, ko nono, ko a yanka a yi komin ban ruwa. Roba tana shanye magani, wanki da sabulu ba ya fitar da shi duka.

*Irin shuka da hatsin da aka sa wa magani.* Irin da aka gauraya da jan gari don shuka, idan ya rage bayan shuka, ba abincin dabba ba ne. Haka waken da aka barbaɗe da maganin ƙwari a buhu, da ɓawonsa.

*Leda da juji.* Awaki da tumakin cikin gari a juji suke yini. Ledar da suka haɗiya tana cushe tumbi, wannan kowane mahauci ya sani. Ƙona leda da roba da wayoyin lantarki a fili kuwa yana haifar da diyoksin, ta sauka a toka da ƙasa da ganyen da ke kusa. Dabba mai neman gishiri tana lasar toka. Nijar ta yi dokar hana ledar nan marar kauri tun watan Nuwamba na 2014, amma har yanzu tana cika jujinmu.

*Baƙin mai.* Shafa tsohon man inji a kan ƙazuwa ko miki al'ada ce da ta yaɗu. Baƙin mai cike yake da dattin ƙarfe da sinadaran ƙuna, kuma dabba tana lashe shi.

*Abinci mai fumfuna.* Tunkuza, dusa, masara ko harawar da ta jiƙe ta yi fumfuna tana iya ɗaukar guba iri biyu. Ɗaya, aflatoksin, tana lalata hanta, tana raunana garkuwa, tana kuma fita a nono; an gano ta ne bayan ta kashe ƴan talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960 ta cikin tunkuzar gyaɗa. Ɗayar tana kama da homon na mata, tana rikita ɗaukar ciki.

*Allurar kasuwa.* Wannan ita ta fi kusa da mu. Akwai allura mai suna Dexamethasone, wasu na cewa dekza, da ake sayarwa a kasuwanni ana yi wa dabba don ta warware ko ta ci abinci. Ita kanta homon ce. Tana danne garkuwar jiki, kuma idan aka yi wa saniya ko tunkiya ko akuya a ƙarshen ciki tana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci, mabiyiya ta maƙale, ɗan ya fito bai ƙosa ba. Maganin tsutsar ciki Albendazole kuma ba a ba da shi a kwana 45 na farkon cikin saniya, ko kwana 30 na farkon cikin tunkiya da akuya, domin yana iya nakasa ɗan tayi.

Kada a ɗora wa guba komai

Manyan abubuwan da ke kashe ƴaƴan dabbobi a yankinmu su ne yunwar uwa, rashin shan dakashi da wuri, ƙazantar wurin haihuwa, tsutsar ciki, da cututtuka masu yaɗuwa kamar annobar tumaki da awaki. Guba ƙari ce a kan waɗannan. Ba ita ke kawo zawo ba, ita ke tsaga bango, ƙadangare ya samu wurin shiga. Don haka wanda ya daina amfani da bidon magani amma ya bar uwa da yunwa bai gama aiki ba.

Babu wata alama guda da za a gani a ce ga ta. Abin da ya kamata ya sa ku kira likita shi ne idan abubuwan nan suka taru a garke ɗaya, ko a garkunan da ke shan ruwa wuri ɗaya: ɓari ya yi yawa, ana haihuwar ƴaƴa ƙanana da ba sa miƙewa su kama nono, zawo da tari suna ta dawowa ga ƙanana duk da magani, mata suna ta neman namiji ba sa ɗauka. Ɓari da yawa yana iya zama cuta mai kama mutum, irin su bakkale. Kada a taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara, a binne su da zurfi, a sanar da ma'aikatar kiwo. Su ne za su ɗauki jini su aika ɗakin bincike na LABOCEL idan da bukata.

Abin da makiyayi zai yi

1. Ka san dabbobinka masu ciki. Ka riƙe watan da aka yi barbara, ka faɗa wa duk wanda zai yi allura kafin ya tsira.
2. Kada dabba mai ciki ko mai shayarwa ta ci ganye ko ciyawa daga garkar da aka yi wa feshi, sai kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Ka tambayi mai garka ranar da ya yi feshi. Idan kwalbar ba ta da rubutun da za a iya karantawa, a bar ganyen.
3. Kaska da ƙazuwa suna da maganinsu na dabbobi. A saya wurin likitan dabbobi mai zaman kansa na yanki ko mataimakinsa na gari, a bi awon da ya faɗa.
4. Bidon magani a ɗauraye shi sau uku, ruwan ɗaurayar ya koma cikin famfon feshi, sannan a huda bidon don kada wani ya sake amfani da shi. Ba a wanke famfo a tabki ko bakin rijiya.
5. A ajiye wake a buhun PICS mai riɓi uku, wanda ba ya buƙatar magani. Ɓawon da dusar sai su zama abincin dabba lafiya lau.
6. A ɗora harawa da tunkuza da dusa a sama, inda ruwa ba ya taɓawa. Abin da ya yi fumfuna ko ya canza wari, a zubar.
7. A kafa turken masu ciki nesa da juji da wurin ƙona shara. A ba su gishiri ko kanwa a gida don su daina lasar toka.
8. A ware mafi kyawun harawa da ƴaƴan gawo da dusa domin masu ciki: wata 2 zuwa 3 na ƙarshe ga saniya, mako 6 na ƙarshe ga tunkiya da akuya. Uwar da ba ta rame sosai ba, ba ta narkar da kitse da yawa, dakashinta kuma ya fi kyau.
9. Da haihuwa, a tabbatar ɗan ya sha dakashi cikin awa 2 na farko. Kada a tatse shi a zubar, kada a kwashe shi duka don dafawa. Idan ɗan bai iya tsotsa ba, a tatsa a ba shi a hankali. Idan uwar ta mutu, a nemi dakashin wata da ta haihu a ranar.
10. A kai garke rigakafin shekara da gwamnati ke yi na ciwon huhun shanu da annobar tumaki da awaki. Uwar da aka yi wa rigakafi tana zuba wannan kariya cikin dakashi.

Abin da ƙungiya za ta yi

Akwai abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Ƙungiya tana iya zama da masu garka a yi yarjejeniya cewa duk wanda ya yi feshi ya kafa sanda da jan ƙyalle a bakin garkarsa har kwanakin jira su wuce. Tana iya neman mai gari da magajin gari su keɓe wurin zubar da shara nesa da burtali da mashaya. Tana iya sayen magungunan dabbobi da abinci a dunƙule daga wuri mai lasisi, a duba buhun tunkuza kafin a biya kuɗi. Araha ba ta ado.

Abu mafi amfani kuma shi ne littafi guda a hannun sakataren ƙungiya: wace dabba ta haihu, a wane wata, ɗan ya rayu ko ya mutu, yana da kwana nawa, me uwar ta ci, wace allura aka yi mata. Bayan shekara ɗaya littafin zai nuna ko asarar ta fi yawa a wata unguwa, ko a wata mashaya, ko a wani wata. Da irin wannan bayani ne likita zai san inda zai fara nema.

A tuna kuma cewa nonon da maraƙi ke sha shi ake dama fura da shi, man shanun da ake kaɗawa shi ake sa wa tuwon yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na diyoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci take shiga, musamman nama, nono da kifi. Mace mai ciki ko mai goyo kada ta dama maganin feshi, kada ta wanke kayan mai feshi, kada ta tsaya a hayaƙin leda. Abin da ya shafi akuya mai ciki ya shafi mai ita.

Tambayoyi don taron ƙungiya

- Cikin ƴaƴan dabbobin da aka haifa a gidajenku bara, nawa suka kai yaye? A wane wata aka fi asara?
- Bido nawa na magani ake ɗiban ruwa ko zuba nono a cikinsu a garinku yanzu?
- Wa ke yi wa dabbobinku allura, kuma yana tambaya ko suna da ciki kafin ya yi?
- Ina ake wanke famfon feshi, kuma nisansa nawa da inda dabbobi ke sha?
- Cikin matakai goman nan, wanne za ku iya farawa a wannan mako ba tare da kashe ko dala ba?

Ku tattauna waɗannan, ku rubuta amsoshin, ku kai wa ma'aikacin kiwo na yankinku idan ya zo zagaye. Allah ya albarkaci garke, ya raya abin da aka haifa.